BAYAN AN CE "KAT!": Tsawa, gulma da cin haƙƙi a lokeshan

Ƙarfe biyu na rana ta gota, zafi kuwa kamar ya fasa kai. Muna wani ƙauye a bayan garin Kano, inda ake ɗaukar wani fim mai dogon zango. Tun takwas na safe ma'aikata suka kafa kyamara, suka ja waya, suka tada janareto, amma ko sin ɗaya ba a ɗauka ba, domin jarumin da ake jira bai iso ba. Da gogan naka ya iso babu wanda ya ce masa kanzil, sai ma kujera da aka kawo masa da ruwan sanyi.

Ba a yi minti goma da fara aiki ba sai fitila ta ɗauke. Nan fa darakta ya juyo kan yaron da ke riƙe da ita, ya wanke shi tas, har da ambaton iyaye, a gaban 'yan wasa da yaran gari da suka taru kallo. Kowa a wurin ya san gaskiyar magana: mai ne ya ƙare a janareto, saboda tun safe yake aiki a banza ana jiran mutum ɗaya. Amma wa zai faɗa? Yaron nan ya sunkuyar da kai, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ni kaina da na je ɗauko rahoto, shiru na yi ina wasa da biro.

Mai karatu, wannan ba ya fitowa a fosta, ba ya fitowa a tirela. Kai dai ka ga jarumi da jaruma suna murmushi a cikin lambu. Amma bayan kyamara akwai mutane da dama da suke aiki cikin rana da yunwa da gajiya, kuma yadda suke magana da juna shi ke sa aiki ya yi kyau ko ya lalace. Tunda da yawa daga cikinku burinsu su shigo industiri, ya kamata a yi wannan maganar a fili.

DAGA ZUMUNCI ZUWA SANA'A

Kafin a ga laifin kowa, sai an duba yadda aka faro. Finafinan Hausa na bidiyo daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo suka fito. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ce ta fitar da Turmin Danya a 1990, fim ɗin da ake ɗauka a matsayin wanda ya buɗe kasuwar. A wancan lokacin abokai ne suke haɗuwa, wannan ya kawo mota, wancan ya ba da aron gida, a yi aiki don sha'awa. Ba wanda yake tambayar nawa za a ba shi.

Daga baya kuɗi suka shigo. Kasuwar kaset ta buɗe a Ƙofar Wambai da Bata, finafinai irin su Sangaya da Wasila suka yi tashe, aka laƙaba wa harkar suna Kannywood a 1999, gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. Yau kuma kasuwar kaset da faifai ta mutu, an koma finafinai masu dogon zango a talbijin da YouTube, irin su Labarina da Izzar So da suka fara fita a 2020. Sana'a ta girma, amma har yanzu aiki da yawa a bisa tsarin zumunci ake yin sa: babu takarda, babu ƙa'idar lokaci, sai dai ubangida da yaronsa.

Tsarin ubangida yana da amfaninsa, domin ta nan mafi yawan ƙwararrun da muke alfahari da su suka koyi aiki. Illarsa ita ce, wanda ya ɗauko ka shi ne mai ba ka aiki, shi ne mai biyan ka, shi ne kuma alƙalinka. In ya taka ka, wa za ka kai wa ƙara? Ga kuma matsin fim mai dogon zango, wanda duk mako sai an fitar da sabon kashi. Kuɗin haya na tafiya, rana na faɗuwa, kowa a wuya yake. A irin wannan yanayi ne ƙaramin saɓani yake zama gaba.

CUTUTTUKA HUƊU

Ta farko ita ce tsawa da cin mutunci. Wasu daraktoci sun ɗauka in ba a ji muryarsu a ƙarshen layi ba, to ba a san su ne masu aikin ba. Abin lura shi ne, tsawar nan ƙasa take gangarowa. Ba a yi wa jarumin da ya makara awa shida, sai mai fitila da mai kwantiniti da mai dafa abinci. Kuma ba ta gyara aiki. Sabuwar 'yar wasa da aka daka wa tsawa, in a da sau ɗaya take manta layinta, yanzu sau biyar za ta manta.

Ba a nan kaɗai ake yi ba. A 2008, wajen ɗaukar Terminator Salvation a Amurka, jarumi Christian Bale ya shafe kusan minti huɗu yana zazzaga wa shugaban masu ɗaukar hoto, Shane Hurlbut, masifa saboda ya gitta masa yana tsakiyar sin. Na'urar sauti na ɗauka. A farkon 2009 muryar ta fita duniya, sai da jarumin ya kira wani gidan rediyo ya amsa laifinsa ya ba da haƙuri. Wancan zamanin kenan. Yanzu da kowane yaro yake da waya mai kyamara a aljihu, mai tsawa ya san da wa yake yi.

Ta biyu ita ce maganar kuɗi, kuma ita ce uwar rigingimu. "Zo mu yi aiki, ba za ka yi kuka ba." Da wannan kalma ake ɗaukar mutane. An gama aiki, sai a miƙa maka kuɗin mota a ce sauran sai fim ya fita. Fim ya fita, waya ta daina shiga. Kai kuma kunya ta hana ka tambaya tun farko, tsoro ya hana ka tambaya daga baya.

Duk mai bin harkar fim ya tuna watan Fabrairu na 2022, lokacin da dattijuwar 'yar wasa Ladin Cima ta shaida wa BBC Hausa cewa abin da ake ba ta a fim bai wuce naira dubu biyu zuwa dubu biyar ba. Ali Nuhu da Falalu Ɗorayi suka fito suka ce su kam sun biya ta fiye da haka a ayyukansu. Mawaƙi Naziru Sarkin Waƙa ya shigo maganar da zafi, industiri ta rabu gida biyu, aka yi makonni ana musayar kalamai. Ba zan yi alƙalanci a nan ba. Abin da na ɗauka a rikicin shi ne, maganar da ya kamata a gama ta a zaune kafin a kunna kyamara, ita aka zo ana yi a gaban duniya. Da al'adar rubuta yarjejeniya ta zauna, da takarda ce za ta raba gardama.

Ta uku ita ce gulma da ɓangaranci: yaran wane da yaran wane. Ka gaisa da mutum a wajen biki, gobe ka ji an cire ka daga fim saboda an gan ka da "abokan gaba". A nan sai na fara da kaina. Ina sabon shiga aikin nan, wata jaruma ta yi mini ƙorafi a kan abokiyar aikinta muna hira a bakin mota. Ni kuma don a san ina da labari, na kwashe na kai wa ɗayar, wai ina neman jin ta bakinta. Wallahi washegari sai da aka tsayar da aiki, domin sun ƙi tsayawa a sin ɗaya, alhali ya da ƙanwa suka fito a fim ɗin. Furodusa ya yi asarar yini guda, ni kuma na yi asarar amincin mutum biyu. Tun daga ranar na gane mai kai magana ya fi mai faɗin ta ɓarna.

Ko manya ba su tsira ba. A 2019 saɓanin Ali Nuhu da Adam A. Zango ya kai har gaban kotu a Kano, kafin manyan masana'antar su shiga tsakani a sasanta. Wanda ya bi rikicin ya san irin rawar da zage-zagen magoya baya a intanet suka taka wajen hura wutar.

Ta huɗu ita ce mafi muni, kuma ita aka fi jin nauyin faɗa: a nemi mace da lalata kafin a sa ta a fim. Zargi ne da ya sha tasowa, har daga bakin 'yan cikin gida, kamar yadda aka ji a rikicin 2022. Ba adalci ba ne a yi wa kowa kuɗin goro, domin akwai masu mutunci da yawa a harkar nan. Amma cewa babu shi kwata-kwata ma ba ya taimakon kowa, sai mai aikata shi.

Tunda mu masoya finafinan Indiya ne, mu leƙa can. A 2017 gwamnatin jihar Kerala ta kafa kwamiti a ƙarƙashin tsohuwar mai shari'a K. Hema domin ya binciki halin da mata suke ciki a masana'antar finafinan harshen Malayalam. Kwamitin ya miƙa rahoto a ƙarshen 2019, amma ba a sake shi ba sai a watan Agusta na 2024. Abin da ya ƙunsa ya girgiza Indiya: neman mata da lalata, rashin banɗaki da wurin sauya kaya a lokeshan, aiki babu rubutacciyar yarjejeniya, da wasu tsirarun masu ƙarfi da suke toshe wa duk wadda ta yi magana hanyar samun aiki. Cikin 'yan kwanaki babban jarumi Mohanlal ya sauka daga shugabancin ƙungiyar 'yan wasa, shi da sauran shugabannin. A Amurka ma, shekaru aka yi ana raɗe-raɗi a kan furodusa Harvey Weinstein kafin jaridu su fasa ƙwai a watan Oktoba na 2017, ya ƙare a kurkuku. A duk wuraren biyu mutane sun sani tuntuni. Shiru ne ya ba abin tsawon rai.

TO, YAYA ZA A YI MAGANAR?

An ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ba za a taɓa raba lokeshan da ɓacin rai ba. Abin da ake nema shi ne a iya faɗin abin da ke ciwo ba tare da an rushe aiki ko zumunci ba. Ga abin da na lura da shi daga waɗanda suka daɗe a harkar kuma suke zaune lafiya da kowa.

Na farko, zaɓi lokaci. Kada ka tari darakta yana tsakiyar sin, rana na shirin faɗuwa. Ka bari a tashi cin abinci ko a idar da salla, zuciya ta sauka. Amma kada ka bari ta kwana bakwai, domin maganar da ta kwana a ciki tsami take yi.

Na biyu, ku keɓe. Mutumin da ka gyara wa kuskure a gaban yaransa ba zai ji gyaran ba, kare girmansa kawai zai yi. Wanda zai ba ka haƙuri a bayan mota, shi ne zai zage ka a gaban jama'a a kan magana ɗaya.

Na uku, faɗi abin da ya faru, kada ka yi wa mutum suna. In ka ce wa furodusa macuci, an gama magana, faɗa ya fara. Amma in ka ce, "Yallaɓai, mun yi da kai za ka cika mini ranar da aka gama ɗauka, yau sati uku kenan. Yaushe zan sa rai?", ka ba shi abin da zai amsa. Haka 'yar wasa za ta iya ce wa darakta, "Darakta, in na yi kuskure ka kira ni gefe ka gyara mini, zan fi ganewa. In aka yi mini tsawa cikin mutane komai ɓace mini yake." Babu rashin kunya a ciki, kuma saƙo ya isa.

Na huɗu, magana ɗaya tak. Kada ka je neman kuɗin wannan fim ka ɓuge da tono abin da aka yi maka shekara uku da suka wuce. Ka san abin da kake so kafin ka buɗe baki: kuɗinka ne, ko haƙuri, ko a daina wani abu?

Na biyar, saurara. Wani lokaci furodusan da kake zargi shi ma tashar da ya kai wa fim ba ta biya shi ba. Wannan bai soke haƙƙinka ba, amma zai sa ku tsayar da rana ta gaskiya maimakon alƙawarin ƙarya. Idan an tsayar, ka tura masa saƙon waya mai ɗauke da abin da kuka yi, cikin ladabi, ka adana.

Na shida, kuma shi ne rigakafin duka: a yi maganar kuɗi kafin a fara aiki, a rubuta. Sin nawa, kwana nawa, nawa ne, yaushe za a biya, wa ke da abinci da masauki. Wasu za su ce neman takarda rashin yarda ne. Haba! Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ma ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi sharuɗɗan aiki a rubuce cikin wata uku da fara aiki. Tunda aikin fim sau da yawa na 'yan kwanaki ne, dabara ita ce a rubuta tun ranar farko.

Ku kuma manya, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Yaron da ya zo ya faɗa maka damuwarsa ido da ido ya fi maka wanda zai yi maka dariya ya je ya ɓata ka a waje. Kuma ranar da ma'aikata suka daina magana, haɗari ya matso. A ranar 21 ga Oktoba, 2021, wajen ɗaukar fim ɗin Rust a Amurka, wasu ma'aikatan kyamara sun ajiye aiki da safe saboda ƙorafi a kan biya da masauki da rashin kiyaye lafiya. A wannan ranar ce bindigar da ke hannun Alec Baldwin ta tashi da harsashi na gaske, ta kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins. Ƙorafin ƙananan ma'aikata ba hayaniya ba ne.

IDAN MAGANA TA ƘI

Akwai mutumin da duk ladabin da ka yi masa ba zai canza ba. In ka gwada sau ɗaya, sau biyu, to ka nemi dattijon da yake jin nauyinsa ya shiga tsakani. In ta ƙi, akwai ƙungiyoyin sana'a na 'yan wasa da daraktoci da furodusoshi, akwai uwar ƙungiya MOPPAN, akwai Hukumar Tace Finafinai ga waɗanda ke aiki a Kano. Sama da nan akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda tsarin mulki ya ba hurumin shari'ar rikicin aiki, har da cin zarafi ta hanyar neman lalata a wurin aiki.

A nan muna da kira ga shugabanni. A watan Oktoba na 2016 kowa ya ga saurin da MOPPAN ta yi wajen korar Rahama Sadau saboda bidiyon waƙar da ta fito a ciki tare da ClassiQ. Wato ƙarfin hukunci akwai shi. Irin wannan saurin muke so mu gani ranar da mai fitila ya kawo ƙarar an cinye masa kuɗin aiki, ko sabuwar 'yar wasa ta kawo ƙarar wani babba.

Sai dai a bambance. Duk shawarwarin da na kawo na keɓewa da lallashi, na saɓanin aiki ne. Wanda ya neme ki da lalata ba abokin tattaunawa ba ne. Ƙanwata, kada ki keɓe da shi, kada ki amsa gayyatar "gwaji" a ɗakin otal ko da dare, kada ki je ganin kowa ke kaɗai. Ki adana saƙonninsa, ki gaya wa iyayenki ko wata babba da kika amince da ita, a kai maganar inda ya dace. Babu rol ɗin da ya kai mutuncinki. Haka wanda ya ɗaga hannu ya doke ka, wannan ta wuce sulhun bayan mota. Kuma barin wurin da ake wulaƙanta ka ba gazawa ba ne, kamfani ba ɗaya ba ne.

Ku ma 'yan kallo kuna da naku kason. Jarumai biyu sun sami saɓani, kafin su huce kun cika Instagram da TikTok da zagin iyaye da sunan soyayya. Su za su shirya su ci abinci a kwano ɗaya, ku a bar ku da zunubi. In kana son gwaninka da gaske, kada ka zagi kowa dominsa.

Bari in ƙarasa muku labarin yaron fitila. Bayan sallar la'asar, wata dattijuwa da ke fitowa a matsayin uwa ta yafito darakta, suka koma gindin wata bishiya su biyu. Ban ji abin da ta faɗa masa ba, na dai ga tana magana a hankali, shi kuma kansa a ƙasa. Da aka dawo za a ci gaba, kafin ya ce "akshin", sai ya kira yaron da sunansa, ya ce a gaban kowa ya zage shi, don haka a gaban kowa zai ba shi haƙuri. Yaron ya ce, "Ba komai, Yallaɓai, ya wuce." Sannan darakta ya juya wajen jarumin, ya gaya masa gobe takwas ta yi masa a nan.

Washegari na koma don in ƙarasa rahotona. Takwas saura na isa. Motar jarumin na tarar a wurin.